Cin Ɗanyar Tafarnuwa: Amfaninta da Iyakarta

Batun wannan jawabi shi ne tafarnuwa, musamman cin ta ɗanya, ko don daɗin baki ko don neman lafiya. Wani zai ce ai wannan maganar madafa ce, ba ta kai a tara mutane a kanta ba. Amma abin da ya shiga kusan kowane gida a ƙasar nan, ya shiga tukunyar miya, ya shiga yajin mai jego, ya shiga bakin yaro mai tari, har ya kai ga wani dattijo ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya dogara da shi, lalle ya wuce a kira shi ƙarami.

Domin magana ta tsaya da ƙafafunta, bari a ɗauki unguwa guda a yi misali da ita. Angwan Iya ɗaya ce daga cikin unguwannin Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, wanda ya daɗe yana ƙarƙashin Zazzau, sa'an nan ya zauna cikin Jihar Filato har zuwa ran 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Jihar Nasarawa. Tsakaninsa da Abuja kimanin kilomita 50 ne. Ƙasar Keffi ƙasar doya ce da rogo da masara, ba a san ta da noman tafarnuwa ba. Duk da haka mai tebur a Angwan Iya ba ya rasa ta, ko da ƙulli biyu ne ko uku a gefen citta da kanumfari da masoro. 'Yan kasuwa ne suke kawo ta daga can arewa, inda ake noma ta da rani a fadamu da wuraren ban ruwa na jihohin Sakkwato da Kabi da Kano da Barno da maƙwabtansu. Ƙasar Wurno da ta Goronyo sun yi suna a kanta, haka kuma lambunan duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar. Tsiro ne mai son sanyin dare da busasshiyar iska, don haka ake shuka ta wajen watan Nuwamba, hunturu ya raine ta, a cire ta bayan wata huɗu zuwa biyar. Ba ta da irin shuka irin na albasa. Ƙwayoyin dunƙulen ake ɓarewa a binne ɗaya-ɗaya.

Kusa da 'yar gida, mai ƙananan ƙwayoyi da kaifin yaji, sau da yawa akan ga wata fara sol mai manyan ƙwayoyi, mai sauƙin ɓarewa. Yawancin irin wannan daga ƙasar Sin take fitowa, gama ita kaɗai take noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya.

Asalin tafarnuwa daga tsakiyar Asiya ne, kuma ta daɗe a hannun ɗan Adam. Wata takardar likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta ambace ta cikin magunguna, an kuma tarar da busassun dunƙulenta a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a 1922. Littafin Ƙidaya na Attaura ya lissafa ta cikin abincin Masar da Bani Isra'ila suka yi bege a jeji, kuma masu tafsiri da dama sun fassara ɗaya daga cikin kayan lambun da aka ambata a aya ta 61 ta Suratul Baƙara da tafarnuwa, ko da yake waɗansu sun ce alkama ce. Watau dai ba jiya aka fara cin ta ba, ba kuwa jiya aka fara yin magani da ita ba.

Abin da yake cikinta

Akwai abin lura wanda kowace mai girki ta sani ko da ba ta taɓa tsayawa ta yi tunaninsa ba. Dunƙulen tafarnuwa da ba a taɓa ba kusan ba shi da wari. Sai an sa wuƙa, ko an jefa ta cikin turmi, ko an tauna, sa'an nan wari ya tashi ya cika ɗaki. Dalilin haka ya ɗauki masana shekaru kamar ɗari kafin su gane. A 1844 wani masanin haɗa magunguna mai suna Theodor Wertheim ya tatso mai daga tafarnuwa, ya ga akwai farar wuta a cikinsa. A 1944 Chester Cavallito da John Bailey, a ƙasar Amurka, suka ware ainihin sinadarin da yake da yajin da warin, suka nuna yana kashe ƙwayoyin cuta, aka sa masa suna alisin. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka Arthur Stoll da Ewald Seebeck, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, suka gano cewa babu alisin ɗin a cikin lafiyayyar tafarnuwa sam. Abin da yake ciki abu biyu ne, kowanne a ɗakinsa: wani sinadari marar wari da ake kira aliyin, da wani mai sarrafa shi da ake kira aliyinez. Idan an farfasa ƙwayar, bangon da ya raba su ya rushe, suka haɗu, nan da nan sai alisin ya samu. Makamin tsiron ne na kare kansa daga ƙwari da ruɓa.

Daga wannan bayani abubuwa da dama suna fitowa fili. Wanda ya haɗiye ƙwayar tafarnuwa sukutum da ruwa, kamar yadda waɗansu suke yi da sassafe don gudun wari, ya guje wa warin ne tare da mafi yawan abin da yake nema. Wanda kuma ya jefa ta a tafasasshiyar miya ba tare da ya daka ba, zafi ya kashe mai sarrafawar tun bai yi aikinsa ba, shi ya sa dafaffiyar tafarnuwa take da laushin ɗanɗano har da ɗan zaƙi. Amma in an daka ta aka bar ta kamar minti goma kafin a zuba a tukunya, an ba sinadaran lokacin haɗuwa. Tsohuwar da take kirɓa kayan miya ta ajiye a gefe, ta je ta hura wuta, ta riga masana yin abin da suke ba da shawara a kai.

Sai dai alisin ba shi da juriya. Zafi yana rusa shi, ajiya tana rusa shi, kuma da ya shiga cikin mutum sai ya rikiɗa zuwa waɗansu abubuwa, har masu bincike ba sa samunsa a cikin jinin wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa. Wannan ne ya hana shi zama magani irin fenisilin, wanda aka fara yin sa da yawa a waɗannan shekaru na yaƙin duniya na biyu. A nan ne kuma mutane da yawa suke yin kuskure. Sukan ji an ce tafarnuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, magana ce ta gaskiya, amma a kan farantin ɗakin bincike ne, inda aka ɗiga ruwanta kai tsaye a kansu. Kanwa ma da sabulu suna iya kashe ƙwayar cuta a faranti. Tambayar ita ce ko abin zai bi jini ya cim ma cutar a huhu ko a hanji da ƙarfinsa, kuma wannan wata magana ce dabam.

Ta fuskar ci kuwa, babu gardama. Yajin tafarnuwa a kan shinkafa da wake, ko a kan dafaffiyar doya da man ja, ko ɗan abin da mai tsire yake barbaɗawa, ko wanda aka sa a labun kilishi, duk abubuwa ne da suke buɗe wa mutum ciki, kuma mai cin su ba ya bukatar izinin likita. Har akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba: abincin da ya ji tafarnuwa da citta ba ya neman gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yawa, rage gishiri kuwa yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna sassauta hawan jini. Game da yajin jego ma akwai labari mai daɗi. A 1991 Julie Mennella da Gary Beauchamp, a birnin Filadelfiya, sun gwada mata masu shayarwa, suka ga ƙanshin tafarnuwa yana fita a nono, ya fi ƙarfi bayan kamar awa biyu, kuma jariran sun fi daɗewa a kan nono maimakon su ƙi shi.

Wahalar ɗanya ita ce wari, kuma ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da alisin yake rikiɗewa ya zama yana shiga jini, ya daɗe yana zagayawa, ya riƙa fita ta numfashi da gumi har wuni guda ko fiye. Saboda haka asuwaki da buroshi suna rage na baki ne kawai. Na huhu sai ya ƙare don kansa. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo sun nuna madara, da ɗanyen latas, da na'a-na'a, da tuffa suna rage warin, musamman in an ci su tare da tafarnuwar ko nan take bayanta. A unguwa irin Angwan Iya, inda mutane suke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa a sahun salla, da coci, da motar haya zuwa Abuja, wannan ba ƙaramin sha'ani ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci. Muslim ya ruwaito cewa Abu Ayyub al-Ansari ya tambaye shi ko haram ce, ya amsa masa cewa ba haram ba ce, warinta ne ba ya so. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya hori wanda zai ci ta ya kashe warinta da dafuwa. Don haka mai son ɗanya ya zaɓi lokacinta, bayan lisha ya fi kafin azahar.

Abin da gwaji ya nuna

Hanyar da likitoci suke bi su san ko abu yana magani ita ce a raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya abin da ake gwadawa, a ba ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda babu kome a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba, sa'an nan a ƙidaya. Dole a yi haka, gama yawancin ƙananan cututtuka suna warkewa don kansu. Mai mura in ya sha tafarnuwa da zuma zai warke cikin mako guda, in bai sha kome ba ma haka, amma wanda ya sha zai rantse da abin da ya sha.

A kan mura, gwaji ɗaya tak ne ya cika sharuɗɗa sa'ad da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba al'amarin a 2014. An yi shi a Ingila, an buga shi a 2001, da mutum 146 na tsawon mako 12. Masu shan ƙwayar tafarnuwa sun yi mura sau 24, sauran sun yi sau 65. Bambancin yana da girma, amma da mura ta kama mutum, kwanakin warkewa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma masu tacewar sun ce gwaji guda bai isa a yanke hukunci da shi ba. A kan kitsen jini da likitoci ke kira kolestarol, Christopher Gardner da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford sun buga sakamakonsu a 2007. Sun ɗauki mutum 192, waɗansu aka riƙa ba su ɗanyar tafarnuwa a abinci kwana shida a mako har wata shida, waɗansu ƙwayoyin tafarnuwa, waɗansu ƙwayar wofi. Da aka auna, kitsen bai sauka a wurin kowa ba.

Maganar hawan jini ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ne ake asarar rayuka. A 2020 Karin Ried, mai bincike a ƙasar Ostireliya, ta tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi masu hawan jini 553, ta ga ƙwayoyin tafarnuwa sun rage awon sama da maki 8 da ɗoriya, na ƙasa da maki 5 da ɗoriya. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a lura da abu uku. Gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan watanni. An yi su ne da ƙwayoyin masana'anta masu tsayayyen awo, ba da ɗanyar da aka saya a tebur ba, wadda ƙarfinta yake bambanta daga wannan gona zuwa waccan. Na uku kuma, babu gwajin da ya nuna ta hana shanyewar jiki ko bugun zuciya, alhali magungunan asibiti an tabbatar suna hanawa.

A ɗauka ga wani magidanci a Angwan Iya, an auna shi a asibiti an ga awonsa na sama 180, alhali daga 140 ake kiran abin hawan jini. Aka rubuta masa magani, ya sha wata biyu, kuɗi suka yi wuya, ga shi kuma ba ya jin ciwon kome. Wani a majalisa ya ce masa ai wannan maganin Bature in ka fara ba ka dainawa, ga tafarnuwa, ƙwaya uku kowace safiya. Ko da an ba tafarnuwar duk abin da gwaji ya ba ta, an cire 8 daga 180, saura 172, watau har yanzu yana bakin rami. Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum yana jin garau har ranar da zai tashi alwala ya ga hannu ya ƙi ɗagawa, baki ya karkace. A Keffi akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, akwai ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani, kuma awon jini ba ya cin minti biyar. Wanda kuɗin magani ya fi ƙarfinsa ya gaya wa likita a fili, gama magungunan hawan jini iri-iri ne, waɗansunsu suna da araha ƙwarai. Ya ci tafarnuwarsa a kan maganinsa, ba a madadinsa ba.

Haka tari. Tarin hunturu na kwana uku, a sha ruwan ɗumi da zuma da ɗan tafarnuwa, babu laifi ga babba. Tarin da ya kai mako biyu, da rama, da gumin dare, ko jini a majina, wannan sai an gwada ko tarin fuka ne. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, shan sa wata shida ne, kuma kowane makon da aka ɓata ana tauna tafarnuwa mutanen ɗakin ne suke shaƙar cutar. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko yake numfashi da sauri haƙarƙarinsa yana lotsawa, ba shi da kwana biyun da za a yi gwaji a kansa a gida.

Duniya ta riga ta ga abin da yake faruwa idan wannan kuskure ya tashi daga majalisar unguwa ya hau kujerar mulki. A Afirka ta Kudu, zamanin Shugaba Thabo Mbeki, ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang, wadda ta riƙe muƙamin daga 1999 zuwa 2008, ta yi ta yabon tafarnuwa da lemon tsami da waɗansu kayan lambu ga masu ciwon ƙanjamau, tana sukar magungunan da suke danne cutar. A babban taron ƙanjamau na duniya da aka yi a Toronto a 2006, har an baje waɗannan kayan lambu a rumfar ƙasarta. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin raba magani ya jawo mutuwar mutum fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Ita tafarnuwar ba ta kashe kowa ba, amma an aza ta a gurbin da ba nata ba. A gida ma an ɗanɗana irin wannan: a watan Agusta 2014, lokacin Ebola, jita-jita ta zagaya ta wayar hannu cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, aka kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Da korona ta zo a 2020, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta bayyana cewa tafarnuwa abinci ce mai kyau, amma babu shaidar tana kare mutum daga wannan cuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Inda take cutarwa da kanta

Abin da aka faɗa a sama illar dogara da ita ce. Akwai kuma illar da ita kanta take yi, mafi yawa kuwa a fata. Alisin ɗin da yake ƙona ƙwayar cuta yana ƙona naman mutum. Dakakkiyar tafarnuwa in an ɗaure ta da ƙyalle a ƙirjin yaro, ko a wuyan hannu, ko a kan makero, aka bar ta ta kwana, tana iya tayar da bororo kamar na ruwan zafi, ta bar tabo. Likitoci a ƙasashe da yawa sun rubuta labarin irin wannan ƙuna, kuma fatar jariri ta fi saurin kamuwa. Mai ciwon haƙori da ya danna ta a kan dasashi ya kwana da ita yakan tashi da gyambo a kan ciwonsa, ramin haƙorin kuwa yana nan. Kunnen da yake fitar da ruwa mai yiwuwa ne dodon kunnen ya huje, ɗiga masa ruwan tafarnuwa ko manta zuba yaji ne a cikin rauni.

Akwai wata al'ada da kunya take hana a ambata, amma ba ta hana a yi ta: waɗansu mata sukan yi matsi da tafarnuwa don maganin sanyi. Wurin ya fi fatar hannu taushi nesa ba kusa ba, kuma abin da ake kira sanyi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wanda yake bukatar a yi wa miji da mata magani tare, akwai wanda in an bar shi yake toshe hanyar haihuwa. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya mace ita ce wurin zuwa.

A ciki kuwa, ɗanya a kan yunwa tana tayar da ƙwannafi, da tashin zuciya, da kumburin ciki, mai gyambon ciki kuma ya fi kowa sanin haka. Tana kuma rage saurin daskarewar jini. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma wanda yake shan wafarin ko asfirin kullum, da wanda za a yi wa aikin tiyata ko a cire masa haƙori, ya kamata ya gaya wa likita in yana cin ta da yawa. Akan ce a dakata da ita mako guda zuwa kwana goma kafin aiki. Mace mai ciki ta tsaya a kan abin da ake sa wa miya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna ƙwayoyin tafarnuwa sun rage kimanin rabin adadin sakwinabir, wani maganin ƙanjamau, a cikin jini, saboda haka duk mai shan maganin ƙanjamau ya tambayi asibitinsa kafin ya ɗora wani abu a kai. Game da haɗin zuma da tafarnuwa, wanda ya zama ruwan dare, sharaɗi ɗaya ne ba ya da sassauci: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin babba yake iya kashewa, na jariri bai iya ba tukuna.

To, nawa ne daidai? Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan tsirran magani, na 1999, ya ba da giram 2 zuwa 5 na ɗanya a wuni ga babba. Wannan ya yi daidai da babbar ƙwaya ɗaya ta farar nan ta waje, ko ƙananan 'yar gida uku zuwa huɗu, a daka, a ci cikin abinci. Masu cinye dunƙule guda a kan yunwa ba su ƙara wa kansu kome ba sai zafin ciki. Kwalaben man tafarnuwa da ƙwayoyinta da ake tallatawa a tasha da lasifika, ana lissafa cuta ashirin da suke warkarwa, mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ya kuma san cewa lambar da take ba maganin gargajiya shaida ce ta an duba ba ya cutarwa, ba shaidar an tabbatar da duk abin da mai talla yake faɗa ba.

Saura magana ɗaya, ta ajiya. Busasshen dunƙule yana yin watanni a kwando, a inuwa, inda iska take ratsawa. Leda ce take sa shi gumi ya ruɓe. Wanda ya yi laushi, ko ya yi baƙin hunhuna a tsakanin ƙwayoyi, a zubar. Haɗarin da ba a sani ba yana wurin ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka nutsar a cikin mai aka rufe a kwalba, dabarar da waɗansu matan gari suke yi don sauƙin girki. Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, kuma ƙwayar cutar nan da aka ambata game da zuma tana zaune a ƙasa. Ba ta son iska, man kuwa ya tare mata iskar, sai ta hayayyafa a ɗumin ɗaki ta saki dafi, ba tare da man ya sauya wari ko kama ba. A 1985 mutum 36 suka kamu da wannan cuta a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, aka bi sawu aka tarar daga yankakkiyar tafarnuwa ce da ke cikin mai a wani gidan abinci. Alamunta gani bibbiyu ne, da nauyin fatar ido, da wuyar haɗiya, sa'an nan numfashi ya fara gagara. Ƙa'idar masana ita ce irin wannan haɗi ya zauna a firiji, a cinye shi cikin kwana huɗu. A inda wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa, firijin ba abin dogara ba ne, sai a daka ta yau a ci ta yau. Garin yaji kuwa, wanda aka busar da tafarnuwarsa sarai kafin a daka, ba ya cikin wannan haɗari muddin ruwa bai taɓa shi ba.